Kuɗinmu kaɗan ne, yaya za mu tsara ɗakunan da za mu ɗauki fim a ciki?

Wani matashi da ke shirin ba da umarni a fim ɗinsa na farko ne ya aiko da wannan tambaya. Fim ne mai dogon zango da za a ɗora a YouTube, labarin wani ɗan kasuwar atamfa mai mata biyu da karayar arziki ta same shi, da wasu fitowa kaɗan a labarin da ke komawa ƙuruciyarsa wajajen 1985. Furodusansa ya ce babu kuɗin ɗaukar mai tsara wuri, wato mai shirya ɗakuna da kayan da za a gani a fim, a kama hayar gida mai kyau a shiga a ɗauka kawai kamar yadda kowa ke yi. Shi kuma yana son ya ji ko hakan ya wadatar, idan bai wadatar ba, ina ya kamata ya zuba ɗan abin da ke hannunsa.

Ƙanena, bai wadatar ba. Gidan hayar zai yi kyau, amma kyan nasa ba na labarinka ba ne. Ka samu lokaci ka jera fina-finanmu ka kalla, ka kashe murya. Falon attajiri, falon ɗan siyasa, falon likita, falon malamin jami'a, duk abu guda za ka gani: manyan kujeru masu ruwan gwal, labule har ƙasa, talabijin manne a bango, teburin gilashi da furen roba a kai. Wani lokaci ma falon ɗaya ne, 'yan kallo sun haddace shi sun san ta inda ƙofar kicin take. Babu takalmin yaro a bakin ƙofa, babu darduma a ninke a hannun kujera, babu filas ɗin shayi, babu cazar waya a jikin soket. Ba wanda ke kwana a gidan nan, kuma mai kallo ya san haka ko bai furta ba. Zanen aro ba ya rufe katara.

Ban ɗora wa na gaba da mu laifin kacokan ba. Tun daga 1990 da aka fara fim ɗin bidiyo na kasuwa a Kano, da kuɗin aljihu ake yi, a ɗauka cikin 'yan kwanaki a kai kasuwa a juya kuɗin. Ba mu gaji sutudiyo ba. Ko ƙauyen fim da gwamnatin tarayya ta yi niyyar ginawa a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji a 2016 bai tabbata ba bayan ce-ce-ku-cen da ya biyo baya. Har gobe gidajen jama'a ne wurin aikinmu. To tunda haka ne, sai mu iya aiki da su.

Yawancin furodusoshi sun ɗauka mai tsara wuri ƙawata ɗaki yake yi, shi ya sa suke ganin almubazzaranci ne. Abin da ake nema a wurinsa shi ne ɗaki ya ba da shaida a kan mai shi kafin jarumi ya buɗe baki: nawa yake samu, yaushe ya fara samu, gidan wa ya fito, me yake so baƙo ya fara gani, me yake turawa ƙarƙashin gado idan an yi sallama. Mafi yawan wannan aiki tunani ne da zirga-zirga da iya roƙo. Sayayya ce ta ƙarshe. Kuma mai ƙaramin jari ya fi kowa buƙatarsa, tunda ba shi da manyan jaruman da za su ɗauke idon mai kallo daga bango.

Kafin ka taka ƙofar gidan kowa, ka zauna da labarin da biro. Kowace fitowa ka rubuta inda take, dare ne ko rana, wace shekara ce, da abin da jarumi zai riƙe a hannunsa. Sannan ka ƙirga wuraren. Labari irin naka a wuri biyar yake rayuwa: falon maigida, ɗakin uwargida, ɗakin amarya, tsakar gida, da shago. Ragowar, su banki da asibiti da caji ofis, kowanne kuɗin mota ne da kuɗin haya da wuni guda na ma'aikata. Ka tambayi kanka ko dole ne a je bankin. Takardar gargaɗin banki za ta iya iske shi a shago, ya buɗe a gaban yaransa, kuma wannan ya fi ciwo a kan ganinsa zaune gaban manaja. A Amurka, Kevin Smith ya ɗauki fim ɗinsa na farko, Clerks, wanda ya fito a 1994, a kantin da yake aiki, da kuɗin da bai kai dala 30,000 ba. Da dare kaɗai aka ba shi damar ɗauka bayan an tashi, labarin kuwa da rana yake faruwa. Sai ya rubuta a cikin labarin cewa wani ya cusa cingam a kwaɗon ƙyauren ƙarfen tagar kantin, ya ƙi buɗuwa, don haka ba mai tambayar me ya sa ba a ganin hasken rana. Alƙalami ya biya abin da aljihu ya kasa. Kai ma kana da wannan damar muddin ba a fara ɗauka ba.

Zaɓen gida shi ne rabin aikin. Ka je da mai ɗaukar hoto, kuma ku je a daidai lokacin da za ku yi ɗaukar, domin tsakar gidan da ta burge ka da hantsi tana iya zama tanderu da azahar. Abin da nake fara dubawa shi ne zurfi: idan an kafa kyamara a nan, ana hango wata ƙofa a bayan jarumi, ta bayanta kuma wani fili? Ginin Bahaushe na gargajiya ya ba ka wannan kyauta, daga zaure zuwa shigifa, zuwa tsakar gida, zuwa rumfa, zuwa ɗaki, kowane mataki da irin haskensa. Falon zamani mai kusurwa huɗu ba ya ba ka. Sai ka tsaya shiru na ɗan lokaci ka saurara. Injin niƙa a maƙwabta, janareton mai walda, makarantar Islamiyya da ke tashi da la'asar, titin da adaidaita sahu ke bi, duk kyan ɗaki idan murya ta lalace an yi asara. Kuma gidan da ya fi dacewa da ɗan kasuwarka mai yiwuwa ba a GRA yake ba. Mutumin da ya taso a cikin gari ya yi kuɗi a Kantin Kwari, sau da yawa gidan gado yake rushewa ya ɗora bene, ko ya sayi fili a sabuwar unguwa, amma zai bar wurin zaman baƙi a waje da tabarma ko kafet, domin jama'arsa a ƙasa suke zama. Falonsa daban yake da na babban sakatare mai kantar littattafai da hoton ranar karɓar digiri, daban kuma da na basarake mai kilishi da tumtum.

Yanzu bango. Idan fenti ɗaya kawai kuɗinka zai iya saya, ka saya. Farin bango shi ne babban abokin gabar fuskar baƙar fata a kyamara. Idan mai ɗaukar hoto ya buɗe idon kyamara don fuska ta fito, bangon ya ƙone ya zama fari fat babu komai a jikinsa. Idan ya rage don bango, fuskar ta nutse. Ga shi farin bango yana watsa haske ko'ina, inuwa ta ɓace, hoto ya zama shimfiɗaɗɗe kamar na fasfo. Abin da kake so shi ne launi mai matsakaicin duhu wanda ba ya sheƙi: ruwan ƙasa, ruwan toka, kore mai sanyi, shuɗi da ya ɗan kwanta. Fentin ruwa za ka saya, kada ka kusanci fentin mai, domin duk fitilar da aka kunna sai ta fito a jikinsa. Ka yi yarjejeniya da mai gida cewa za ka mayar masa da launinsa bayan an gama, wasu ma cewa za su yi a bar musu sabon. Idan ya ƙi, ka rufe da abin da ya dace da mai ɗakin, labule ko kabad ko kayan da aka rataye, ka kuma janye jarumi daga jikin bango kamar taku biyu ko uku. Jingina kujera da bango a zaunar da mutane a jere, a ɗauke su ta gaba, shi ne abin da ya fi komai mayar da fim ɗinmu wasan daɓe. Ka juya kyamara ta kalli kusurwa.

Bayan fenti sai ragi. Shiga gidan aro da fitar da kaya ake farawa. Hotunan iyalin mai gida, kalandar banki, fastar ɗan takara, furen roba, agogon bango mai tafiya. Duk abin da ke walƙiya ka bi shi da ido ta cikin kyamara: gilashin kabad, fuskar talabijin, madubi, firam ɗin hoto, tayil mai santsi. Nan ne ake ganin fitila da mai riƙe da sandar makirfo. Firam ana ɗan karkata shi ƙasa da takarda a bayansa, ko a cire gilashin. Ƙarfe mai ƙyalli ana goga masa busasshen sabulu ya dushe. Tayil a shimfiɗa masa kafet, wanda zai kuma rage amsa-kuwwar ɗaki.

Inda nake so ka daɗe shi ne ɗakunan matan nan biyu, domin nan fim ɗinka yake, kuma nan ne maza masu shirya fim suka fi yin kuskure. Ka tuna al'adarmu: miji lefe yake yi, kayan ɗaki iyayen mace ne ke yi. Ashe ɗakin mace labarin gidan ubanta yake bayarwa, da shekarar da aka kawo ta, kafin ya ba da labarin mijinta. Uwargidan da aka aura tun maigida yana yaron shago, kayanta na wancan zamanin ne kuma na daidai ƙarfin iyayenta a lokacin. Tsohon kabad mai gilashi da jeren kwanuka da tangaran da ba a taɓa cin abinci a ciki ba, gadon da aka sake wa fenti, katifar yara a jingine, jakunkunan boko da na Islamiyya a jikin ƙusa, keken ɗinki ko firizar ƙanƙara da zoɓo idan tana sana'a, hijabi da darduma inda hannu ke kaiwa, ƙwayar maganin hawan jini a kan durowa. Kayan ba su dace da juna ba, domin ba rana ɗaya suka shigo ba. Wata kula daga bikin ƙanwarta ta zo, wani bargo tsarabar Makka ce. Ɗakin amarya kuwa rana ɗaya aka jera shi, launi ɗaya, labule da zanen gado da kafet duk suna amsa juna. Ledar katifa ba a gama cirewa ba, takardar kamfani na nan manne a firji, akwatunan lefe a jere bisa wadirof daga babba zuwa ƙarami, kwalaben humra da kaskon turaren wuta a gaban madubi. Babu abin da ya tsufa a ciki, babu abin da ya karye aka gyara. Idan amaryar 'yar talakawa ce da aka kawo gidan mai kuɗi, to ko dai kayan su nuna an yi ƙoƙari an ciwo bashi, ko su nuna maigida ne ya saya a ɓoye, kuma kowanne daga ciki magana ce da uwargida za ta iya jefawa a tsakar gida. Ka ga ɗaki ya ba marubuci layi.

Kada ka jera waɗannan ɗakuna kai kaɗai. Ka nemo mace babba wadda ta sha jeren 'ya'ya da ƙanne, ka biya ta, ka ce ta jera yadda za ta yi wa tata. Za ta gyara maka abin da ba ka san ya karkace ba.

Karayar arzikin kuma ba sai an faɗe ta da baki ba. Ka bar kaya su riƙa ɓacewa daga kashi zuwa kashi. Jeren uwargida ya fara yin giɓi, domin tana kiran dillaliya a asirce don a ɗora tukunya. Firiza ta koma ma'ajiyar kwanuka. A falo talabijin ta tafi, ya rage ƙarfen da ke riƙe ta da wayoyi suna lilo, da shacin wurinta da ya fi ragowar bango haske. Wannan shacin yi ake yi: ka manna takarda daidai girman talabijin, ka fesa ruwan shayi mai ɗan ƙura a kewaye, ya bushe, ka cire takardar. Ranar da dangin amarya suka zo kwashe kaya, abin da za ka nuna shi ne ɗaki wayam, ƙusoshi a bango, sawun ƙafar gado a kan leda. Wannan fitowar ba ta cin ko sisi, kuma ita za a tuna. Sai dai ka lura, ba a jere ake ɗaukar fim ba. Ka rubuta a takarda abin da ke ɗakin a kashi na ɗaya, na biyar, na goma, ka liƙa a bayan ƙofa, ka roƙi mai tsara jadawali a fara da cikakken ɗaki a riƙa ragewa.

Shagon ma haka. Ɗauka a cikin Kwari ana tsakiyar ciniki wahala ce, ga hayaniya ga masu leƙen kyamara. Ka ɗauko hoton kasuwar daga waje da shigar jarumi cikin layi, cikin shagon kuma ka yi shi a wani shago da ba kowa a unguwa. Ba ka buƙatar atamfa ɗari biyu. Turmi ɗaya yadi 6 ne, idan ka yanka ka naɗe a jikin kwali mai kaurin turmi, zai ba ka fuska da yawa a kan kanta. Na gaskiya kaɗan za ka aro, waɗanda za a sauko da su a warware wa mai saye.

Ina ake samun kaya? Kasuwa ce wurin ƙarshe. Ka fara da gidanku da gidajen ma'aikatanka, musamman ɗakunan tsofaffi, inda adaka da fanteka da tasa da langa ke kwance ba mai taɓawa. Sai dillalai mata masu yawo da kayan ɗaki na hannu, suna ba da haya idan an yi magana ta fahimta kuma an ajiye wani abu. Sai 'yan gwangwan da 'yan jari-bola, wurinsu ake tsintar tsohuwar rediyo da fitilar ƙwai da dutsen guga na gawayi. A Kano, kayan fata da na saƙa da ƙwarya da akushi suna Kurmi, gwanjon labule da zannuwan gado a Ƙofar Wambai, tsofaffin ƙofofi da tagogi da ƙarafa a Ƙofar Ruwa. Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce musanya. Ka sayi sabuwar tabarma da buta da tukunya da muciya, ka shiga maƙwabta ka ce a ba ka tsofaffi a karɓi sababbi. Kowa ya ji daɗi, kai kuma ka samu tsufan da ba a iya ƙirƙira.

Abin da ya zama dole a saya sabo, sai a tsufar da shi. Kyamara tana tona asirin sabon abu nan take. Tufa da takarda a jiƙa su a ruwan shayi mai kauri a shanya. Katako a bi gefunansa da samfefa, inda hannu ke yawan taɓawa. Gindin tukunya da bangon da ke saman murhu a bi su da gawayi da toka. Kewayen makunnin fitila da gefen ƙofa a ɗan sa dattin hannu, gindin bangon waje a watsa masa ruwan jar ƙasa kamar yadda damina ke yi. Amma a nan zan ja kunnenka da ƙarfi. Talauci daban, ƙazanta daban. Ya zama ɗabi'a idan an ce gidan talaka sai a watsa tsummokara da kwanukan da ba a wanke ba a tsakar gida. Wannan cin fuska ne, kuma ƙarya ne. Matar talaka ta fi kowa shara. Kwanonta ya lotse amma yana ƙyalli, tabarmarta ta cinye a baki amma an ɗinke ta da ƙyalle, butar an toshe ta da narkakkiyar roba. Gyara ne alamar rashi. Idan ka nuna abin da aka gyara sau uku, ka nuna talauci da mutuncinsa tare.

Fitowar 1985 ka takaita ta, ka matse hoton, domin kowane taku da kyamara ta ja baya kuɗi ne. A waje abokan gabarka su ne hasumiyar sadarwa, faifan sola, tankin roba a saman gini, kwanon dish, ledar fiya wata a ƙasa, da adaidaita sahu da zai gifta. Wayar salula ta GSM sai 2001 ta zo, don haka a duba aljihun kowa da 'yan kallon da ke baya. Idan za a nuna kuɗi, takarda mafi girma a lokacin ita ce naira 20 mai hoton Murtala, naira 50 sai 1991, naira 1,000 kuwa sai 2005, kuma sulallan kwabo suna aiki. Zaure ɗaya na ƙasa, da buzu da allo da fitilar ƙwai, da keken Raleigh ko Vespa a jingine, da rediyo mai kaset, sun isa su kai mai kallo can. Idan ba ka samu zauren da siminti bai taɓa ba, kafinta zai haɗa maka bango biyu da katako tu-bai-tu da filawud mai ƙafa 4 a ƙafa 8, a bi shi da buhun algarara, a shafe da jar ƙasa da aka kwaɓa da gam da dusar katako. Da hannu za a shafa, sawun yatsu ya fito. A haska shi daga gefe, ba wanda zai ce ba ginin tubali ba ne. Irin wannan bangon, idan ka juya shi ka sake fenti, shi ne kuma ofishin 'yan sandan da ka kasa cirewa daga labari.

Duk abin da ka jera, ta cikin kyamara za ka yanke hukunci, ba da idonka a tsaye a tsakiyar ɗaki ba. Abin da hoto bai kama ba kada ka kashe masa ko kwabo. Ka kuma tuna a waya yawancin mutane za su kalli fim ɗin nan. Ƙananan tarkace ba sa fitowa a allon da bai wuce tafin hannu ba. Abin da ke fitowa shi ne launi, da babban siffa, da abu ɗaya ko biyu da ke daidai bayan kan jarumi. Ka sa wani abu kuma tsakanin kyamara da mutum, gefen labule, asabari, igiyar shanya, don hoto ya yi gaba da tsakiya da baya. Ku zauna da mai kula da sutura tun da wuri. Jaruma cikin atamfa mai manyan furanni, a kan kujera mai furanni, gaban labule mai furanni, ɓacewa take yi. Idan kayan jiki suna da hayaniya, bango ya yi shiru. Yadi mai siraran layuka ko ƙananan gidajen dara yana rawa a kyamara, farar shadda mai maiƙo kuma tana ƙonewa a haske, gara mai ruwan madara ko wadda aka taɓa wankewa.

Fitilun da ake gani a cikin hoto ma naka ne, kai da mai haske. Fitila a gefen gado, ƙwai ɗaya a tsakar gida, tocila, aci-balbal a teburin mai shayi, suna ba hoto dalilin haskensa kuma suna cika wurin da babu kaya. Ka gwada kowace a kyamara kafin ranar aiki. Wutarmu a Najeriya da Nijar mai bugu 50 ce a daƙiƙa, shi ya sa ake ɗauka a hoto 25 a daƙiƙa da shata, wato ƙiftawar idon kyamara, a 1/50 na daƙiƙa, amma ƙaramin janareto ba ya tsayawa daidai, kuma fitilun caji masu araha suna kyaftawa suna ba da shuɗin haske mai mayar da fuska kamar ta majinyaci. Fankar sama a kashe ta, ko don murya ko don inuwar da take yankawa a fuska.

Wayarka ita ce littafin kwantiniti, wato lura da cewa komai yana nan yadda yake daga ɗauka zuwa ɗauka. Kafin a taɓa komai a gidan mutane, ka ɗauki hoton kowace kusurwa don a mayar da kaya inda aka same su. Bayan ka jera ka sake ɗauka, bayan kowace fitowa ma haka. Agogon bango a cire batirinsa a saita shi da lokacin labari. Abin da za a fasa ko a zubar a tanadi biyu ko uku. A lura da yawan tuwon da ke kwano da tsawon kyandir tsakanin ɗauka da ɗauka. Fim mai dogon zango yana iya ratsa damina zuwa hunturu, bishiyar tsakar gida da ke kore shar a kashi na uku ta zama ƙarau a na huɗu alhali a labari kwana ɗaya ne tsakani, don haka fitowar waje a tattara su a ɗauka kusa da juna. Maganar mai gida kuwa, a rubuta: kwana nawa, ɗaki nawa, ƙarfe nawa ake tashi, wa zai biya abin da ya fashe, wa zai sayi man janareto. Tsadar hayar gidaje da ake kuka da ita, da hannunmu muka jawo wani ɓangarenta. Na sha zuwa roƙon gida a ce mini wasu sun riga mu, sun bar ƙusa a bango da tabon mai a kafet sun tafi ba sallama.

Akwai abubuwan da ba a wasa da su. Alƙur'ani da allo da firam mai ayoyi ba kayan cike gurbi ba ne. Idan fitowar ta rigima ce ko ta waƙa, a ɗauke su daga ɗakin da ladabi, idan kuma ana buƙatarsu a san inda aka ɗora su da wanda ke taɓawa. Damin kuɗin ɗan kasuwarka a yanka takarda a sa na gaskiya sama da ƙasa a ɗaure da kyauro, kada wani ya kai naira wurin mai fotokwafi, wannan jabu ne a idon doka. Fitowar biki ma a yi hattara da liƙi da tattaka kuɗi, dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana, kuma an gurfanar da mutane a kan haka a 'yan shekarun nan. Bindigar roba da kakin ɗan sanda kada su fito titi sai mai unguwa da ofishin 'yan sandan yankin sun sani. Idan a Kano kake, ka daidaita takardunka da Hukumar Tace Fina-finai kafin ka kafa kyamara. Lambar waya ko sunan shagon wani da ya faɗo cikin hoto a rufe shi.

Ga abin da za ka gaya wa furodusa. Ba ƙarin kuɗi kake nema ba, canjin wurin zuba su kake nema. Kuɗin hayar katafaren gida na sati biyu zai kama matsakaicin gida da ba kowa a ciki na tsawon aikin duka, ya sayi fenti, ya biya kafinta, ya kuma biya mutum ɗaya da ba shi da wani aiki sai wannan, da yaro mai taya shi. Kada a haɗa masa da kwantiniti ko rabon abinci, domin lokacin da ake ɗauka a falo shi yana ɗakin amarya yana jera na gaba. Ni dai shawarata a ware wa wannan ɓangare kamar kashi 10 cikin 100 na kuɗin fim, kuma daga ciki a ɓoye wani abu don motar ɗaukar kaya da biyan abin da ya lalace, waɗannan biyun su ne kullum ake mantawa. Fenti da kayan da jarumai za su riƙe a hannu su ne farko, sai ɗakunan matan, sai shago. Falon maigida ya zo ƙarshe, shi ne mafi sauƙin aro.

Kuma ka roƙi a ba ka gidan kwana ɗaya kafin a fara. Ka kawo mai ɗaukar hoto ya kafa kyamara ku duba kowace kusurwa, ka kawo matan da za su fito a uwargida da amarya kowacce ta shiga ɗakinta ta zauna, ta buɗe durowa, ta san inda ashana take da inda take ajiye makullin kabad. Abin da ta ce hannunta bai kai ba, a matsar mata da shi a daren nan.